Dangin Kyanwa

Dangin kyanwa, wanda masana ke kira Felidae, zuriya ce ta dabbobi masu shayarwa da ke rayuwa a kan nama zalla. Ana ƙirga kusan iri 40 a cikinta, daga wata 'yar kyanwar daji ta Indiya da Siri Lanka da ba ta kai kilo 2 ba, har zuwa damisar Asiya mai ratsi wadda namijinta kan haura kilo 200. Magen da ke kwana a kan rumbu a Daura, wadda a wasu sassan Katsina da Sakkwato ake ce wa mussa, jininta ɗaya da zaki. Kura da tunku ba sa cikin dangin, sai dai kura ta fi kusa da kyanwa a kan kare, duk da kamanninta.

An raba dangin gida biyu. Na farko ya haɗa zaki, damisa, damisar Asiya da jaguwa ta nahiyar Amurka, waɗanda ke ruri saboda kaurin tantanin muryarsu da sassaucin ƙashin da ke riƙe maƙoshi. Na biyu ya ƙunshi mage, kyanwar daji da rabbi (mai kama da damisa, gwanin gudu), masu gurgur ɗin nan da ake ji in ana shafa mage.

Ƙirar jikin kusan ɗaya ce. Yawancinsu haƙora 30 gare su: fiƙoƙi huɗu na kisa, da turame masu kaifi da ke datse nama kamar almakashi, shi ya sa mage ke karkata kai in tana cin tsoka. Farata na zaune a kube sai an buƙace su. Na rabbi kuwa ba sa komawa duka, don suna riƙe masa ƙasa wajen gudu. A bayan idonsu akwai wani tantani mai mayar da haske, shi ke ƙyalli in an haska muzuru da tocila.

Inda masu kiwon mage suka fi yin kuskure shi ne abinci. Jikinta ba ya haɗa isasshen sinadarin tawurin, dole ta same shi a nama ko kifi ko ɓera. Wadda aka tsare a ɗaki ana ba ta tuwo da koko kaɗai za ta rame, ganinta ya mutu a hankali, zuciya ta raunana. Harshenta ma ba ya jin zaƙi. Madara da nono, da kowa ke ɗauka abincinta ne, sukan sa babbar mage zawo, domin bayan yaye ƙarfin narkar da sukarin madara yana raguwa. Albasa da tafarnuwa na farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. Parasitamol kuwa guba ne: hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, dasashi ya yi duhu, fuska ta kumbura.

Cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne, na zakanya kusan 110. 'Ya'yan mage na zuwa ido a rufe, su buɗe cikin kwana 7 zuwa 10. Kashin mage na iya ɗauke da ƙwayar cutar toksoflasma mai illa ga ɗan tayi, don haka mai juna biyu ta bar wa wani kwasarsa. Cizo ko yakushi kuma a wanke shi da sabulu da ruwa na minti 15 a nufi asibiti, domin mage ma na ɗaukar haukan kare. Ba kowace ce kyanwar Lami ba.

Magen gida ta samo asali daga kyanwar dajin Afirka, kimanin shekara 10,000 da suka wuce a Gabas ta Tsakiya, lokacin da ɓeraye suka bi hatsi zuwa rumbunan manoman farko. A tsibirin Kubrus an tono kabarin mutum da kyanwa a gefensa mai shekara kusan 9,500.

Manyan dawa su ne ke ƙarewa. Tun 2015 zakin Afirka ta Yamma ke cikin jerin dabbobin da ke gab da shuɗewa, kuma a Najeriya sai a Yankari da dajin Tafkin Kainji ake maganar sauransa. Arewa da mu, a hamadar Nijar wajen Termit, akwai ragowar rabbin Sahara da wata ƙaramar kyanwar rairayi mai gashi a tafin ƙafa, wanda ke kare ta daga zafin yashi.