Babban Samfurin Harshe

Babban samfurin harshe, wanda aka fi sani da taƙaitaccen sunansa LLM, wani nau'i ne na ƙirƙirarriyar basira da ake horarwa da ɗimbin rubuce-rubuce har ya ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan waɗanda aka ba shi. A kansa aka gina manhajojin hira irin su ChatGPT da Gemini da Claude da DeepSeek, haka nan kayan aikin da ke taya masu rubuta manhaja aiki. Amsa tambaya ne, fassara ce, ko taƙaita rahoto, duk daga wannan hasashe guda suke fitowa, ana maimaita shi sau ɗaruruwa a jere.

Asali

Tunanin ya girmi kwamfuta. A shekarar 1913 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Rasha, Andrey Markov, ya zauna da takarda da alƙalami ya bi haruffa 20,000 na wata doguwar waƙa ta marubucin Rasha Pushkin ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirga sau nawa wasali ke bin wasali, sau nawa kuma baƙi ke bin sa. Ya gano cewa harafin da ya gabata yana da tasiri a kan wanda zai biyo, kuma tasirin yana aunuwa da lissafi.

Claude Shannon na cibiyar bincike ta Bell a Amurka ya ɗora a kai cikin 1948. Ya bayyana wata dabara da ko ɗan makaranta zai iya gwadawa: a buɗe littafi duk inda hannu ya faɗa a zaɓi harafi, a buɗe wani shafin a karanta har a ci karo da harafin, sai a rubuta wanda ke bin sa, a sake buɗe wani shafin a nemi shi wannan sabon. Abin da ke fitowa ba shi da ma'ana, amma yana da ƙamshin Turanci. Da ya gwada da kalmomi a maimakon haruffa sai rubutun ya ƙara kama da maganar mutane.

Duk da haka, ba wannan hanya aka fara bi ba. Masana sun shafe shekaru suna ƙoƙarin koya wa kwamfuta nahawu, doka bayan doka. A 1954 kamfanin IBM da Jami'ar Georgetown suka nuna wata na'ura da ta fassara jimloli sittin da 'yan kai daga Rashanci zuwa Turanci, da kalmomi 250 da dokoki shida kacal. Aka yi ta murna, har ana cewa nan da shekara uku zuwa biyar an gama da matsalar fassara. Shekara goma sha biyu bayan nan wani kwamiti ya ba gwamnatin Amurka rahoton cewa ba a kai ko'ina ba, kuɗin bincike ya ja baya.

A cikin wannan shekara ta 1966 ne Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ya wallafa bayanin ELIZA, manhajar da ke kwaikwayon likitan ƙwaƙwalwa. Ba ta fahimtar komai. Idan mutum ya ce mahaifiyarsa ta ɓata masa rai, sai ta kama kalmar "mahaifiya" ta ce ya ƙara ba ta labarin iyalinsa. Weizenbaum ya ba da labarin yadda sakatariyarsa, wadda a gabanta aka gina manhajar, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi magana da ita cikin sirri. Abin ya tsaya masa a rai, daga baya ya zama cikin manyan masu sukar fannin.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka koma kan ƙirge. Wasu masu bincike a IBM suka ɗauki bayanan zaman majalisar dokokin Kanada, waɗanda ake ajiyewa da Turanci da Faransanci, suka bar kwamfuta ta gano da kanta wace kalma ce ta fi yawan zama daidai da wace. A 2003 Yoshua Bengio da abokan aikinsa a Montreal suka yi hasashen kalma da tsarin lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 2013 kuma Tomas Mikolov da tawagarsa a Google suka fito da word2vec, inda ake mai da kowace kalma jerin lambobi, masu ma'ana kusa su zauna kusa da juna. Misalin da aka fi kawowa shi ne, idan aka ɗauki lambobin "sarki" aka debe na "namiji" aka ƙara na "mace", amsar takan faɗa kusa da "sarauniya".

Juyin 2017

A watan Yunin 2017 masu bincike takwas da suka yi aikin a Google suka gabatar da tsarin da suka kira Transformer. Kafin shi, na'ura na bin jimla ne kalma bayan kalma, kafin ta kai ƙarshe ta fara manta farko. Sabon tsarin yana duban kalmomin gaba ɗaya, yana auna wacce ce ta fi shafar wacce. Ribarsa ta biyu ita ce ana iya raba aikin horarwa ga dubban na'urorin GPU, wato ƙananan na'urorin kwamfuta masu saurin lissafi, su yi shi lokaci guda, kuma wannan ne ya buɗe ƙofar girman da aka gani daga baya.

Ana auna girman samfuri da yawan ma'aunansa, wato lambobin da ake daidaitawa yayin horarwa. Samfurin GPT na farko da kamfanin OpenAI ya fitar a 2018 yana da miliyan 117. GPT-2 na 2019 ya kai biliyan 1.5, GPT-3 na 2020 kuwa biliyan 175. Da ya fitar da GPT-4 a watan Maris 2023 kuwa, kamfanin bai bayyana adadin ba.

OpenAI ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022. An ƙiyasta cewa cikin kimanin wata biyu masu amfani da shi sun kai miliyan 100.

Yadda yake aiki

Ana fara daddatsa rubutu zuwa gutsattsari, wani cikakkiyar kalma, wani ɓangarenta. A lokacin horarwa ana ɓoye gutsuren da ke gaba a ce samfurin ya cinka. In ya yi kuskure a ɗan gyara ma'aunansa, a sake, sau biliyoyi. Wanda ya ga isasshen rubutun Hausa, in aka ba shi "Haƙuri maganin zaman", zai ba "duniya" kaso mafi tsoka, ya bar wa sauran kalmomi ɗan abin da ya rage. Wannan mai sauƙi ne. Inda aikin yake shi ne jimla irin "Ta tafi gari ta sayo gari", wadda rubutun boko bai nuna bambancin sautin kalmomin biyu ba. Sai samfurin ya jingina da "tafi" da "sayo" kafin ya raba birni da abin tuwo.

Bayan wannan akwai horo na biyu, inda mutane ke duba amsoshi suna zaɓar wadda ta fi, har samfurin ya koyi bin umarni da kauce wa munanan kalamai. Mujallar Time ta ruwaito a Janairun 2023 cewa an yi wani ɓangare na aikin tantance munanan rubuce-rubuce a Kenya, kan ladan da bai kai dala biyu a awa ba.

Rubuta manhaja

GitHub Copilot ya fito a matsayin gwaji a watan Yunin 2021, aka buɗe shi ga kowa bayan shekara guda. Da farko cike wa mai rubutu layin da ya fara kawai yake yi. Kayan aikin da suka biyo baya, irin su Cursor da Claude Code, sukan karanta fayilolin aiki, su yi gyara, su gwada, su sake gyarawa. Har yanzu alhakin duba abin da suka rubuta yana wuyan mai aikin.

Shaci-faɗi da taƙaddama

Tunda abin da ya dace da kunne samfurin ke nema, yakan ƙirƙiro abin da babu shi ya faɗe shi ba tare da inda-inda ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hukunce-hukuncen shari'a da ChatGPT ya ƙaga.

Jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft ƙara a Disambar 2023 kan amfani da rubuce-rubucenta wajen horarwa. Kamfanonin sun ce doka ta ba su dama. Ana kuma jayayya kan wutar lantarki da ruwan da cibiyoyin ajiyar bayanai ke sha. Batun ko samfuran suna fahimta ko kwaikwayo kawai suke yi, masana sun rabu a kai. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira ta fara aiki a watan Agustan 2024.

A Janairun 2025 kamfanin DeepSeek na ƙasar Sin ya fitar da samfurin R1, yana mai cewa da kuɗi kaɗan ya horar da samfuransa. Ranar 27 ga watan darajar hannun jarin Nvidia, kamfanin da ke ƙera na'urorin GPU, ta faɗi da kusan dala biliyan 600 a yini ɗaya.

Hausa

Ƙwarewar samfuri a harshe tana bin yawan rubutun harshen da ya gani, kuma na Hausa a intanet kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan masu magana da ita. Ga shi kuma da yawa an rubuta shi babu haruffa masu ƙugiya, "ƙasa" da "kasa" sun zama ɗaya. Yawancin samfuran sukan daddatsa kalmar Hausa gutsattsari fiye da ta Turanci, don haka jimla ɗaya ta fi cin wuri da kuɗi.

Google Translate ya shigar da Hausa a Disambar 2013. Ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka, wadda ta soma a wajen 2019, ta tattara bayanai na harsuna da dama har da Hausa. A 2021 masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka fitar da AfriBERTa, ƙaramin samfuri da aka horar da harsunan Afirka 11, Hausa na ciki, kuma akasarin rubutun da aka yi amfani da shi labarai ne na kafar BBC.