Gwaji ya ce babu maleriya, jikin yaro kuwa zafi rau: me ke faruwa?

Me ɗan robar gwajin nan ke nema a cikin jini?

Ba ƙwayar cutar yake gani ba. Yawancinsu wani furotin suke nema mai suna HRP2, wanda ƙwayar maleriya ta Plasmodium falciparum ke fitarwa. A huda yatsa, a ɗiga jini, a ƙara ruwan gwaji, a jira minti 15 zuwa 20. Layi biyu, akwai maleriya.

To ta yaya ƙwayar ke ɓuya?

Wasu ƙwayoyin sun rasa ɓangaren gadonsu da ke haɗa HRP2, wasu har da ɗan'uwansa HRP3. Sai uwa ta kawo ɗa yana makyarkyata, jini cike da cuta, amma layi ɗaya ya fito. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wanda gwajin ya kama ana ba shi ACT, wato haɗin maganin maleriya, ƙwayarsa ta mutu. Wanda ya kuɓuce kuwa gida zai koma, sauro ya ɗauki irin tasa ya kai maƙwabta. Da haka masu ɓuyan ke yawaita.

A ƙasar Peru aka fara ba da rahoton wannan a 2010. A 2016 abin ya yi tsanani a Eritiriya har ta sauya irin gwajin da take amfani da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan irin wannan kuskure ya haura kashi 5 cikin 100, ƙasa ta sauya gwaji.

Me ya shafe mu a Kebbi?

Binciken ƙasa na 2021 ya samu maleriya a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaranmu, mafi yawa a Najeriya. Duk wanda ya kwana kusa da fadamar shinkafa a Argungu da damina ba sai an faɗa masa dalili ba.

Kenan a daina yarda da gwajin?

A'a, Allah ya kiyaye. Sau da yawa laifin daga hannunmu ne: kwali ya sha zafin Afrilu a kantar kyamis, ko ya wuce wa'adi, ko an karanta shi da garaje. Wani lokacin ma gaskiya ya faɗa, zazzaɓin na taifot ne ko ciwon huhu.

Idan zazzaɓin ya ƙi sauka fa?

A koma asibiti a duba jinin da madubin likita, ko da gwajin da ke neman wani furotin daban na ƙwayar, mai suna pLDH. Idan yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, kada a jira gari ya waye.