Ɗinka wa ɗan yaye kaya a gida: tambayoyi da amsoshi

Yaron da ake magana a kansa a nan shi ne wanda ya bar rarrafe ya kama tatata, daga shekara 1 zuwa 3, wanda yake wuni tsakanin bayan uwa da ƙasar tsakar gida. Mata da yawa a Gusau da garuruwan kewaye suna da keke a ɗaka, kuma sun iya ɗinka wa kansu riga da siket, amma idan suka zo kan na yaro sai su rage awon babba kawai, alhali jikin yaron da irin wuninsa suna neman wani yanka daban.

Na auna yaron daidai, amma rigar ta ƙi shiga. Ina kuskuren yake?

Galibi a wuya yake. Kan ƙaramin yaro ya yi wa jikinsa girma: kewayen kan ɗan shekara 2 yana kai wa inci 19, ƙirjinsa kuwa inci 20 ne ko 21, wato kusan ɗaya suke, yayin da a jikin babba kai yana wajen inci 22, ƙirji kuma ya ninka kusan sau ɗaya da rabi ko fiye. Saboda haka wuyan da ya yi kyau a ido, wanda ya zauna daidai a kan kafaɗar yaro, ba zai taɓa barin kansa ya wuce ba, sai dai a ja da ƙarfi, kunnuwa su lanƙwashe, yaro ya tsani rigar tun ranar farko. Atamfa da shadda ba sa miƙewa, don haka dole ne a yi wa wuyan tsaga mai maɓalli, ta yadda idan an buɗe shi zai kai inci 21 ko fiye.

Wurin da za a sa tsagar ma abin tunani ne, kuma a nan ne rigunan da ake kwaikwaya daga hotunan intanet suke ba da matsala, domin ba don yaron da ake goyawa aka tsara su ba. Idan aka jera maɓallai a gaba, su ne za su shiga tsakanin ƙirjin yaro da bayan uwa idan an ɗaure majanyi, kuma bayan tafiya daga gida zuwa asibiti a rana za a ga shatinsu a fatarsa. Idan aka sa zif a baya, a kansa zai kwanta barcin rana. Kafaɗa ita ce wurin da ba ya danne komai: maɓalli biyu a kafaɗar hagu sun isa, kuma ɗinkinsu bai fi na zif wuya ba.

Wane yadi ya kamata a saya?

Auduga zalla, mai laushi, mara nauyi. A Zamfara zafin watannin Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, kuma yaron da ke goye yana ɗauke da zafin jiki biyu. Auduga tana shan gumi ta bar iska ta ratsa, yadin roba kuwa yana riƙe gumin a kan fata, daga nan ƙurajen zafi suke fitowa a wuya da hammata da gadon baya. Abin takaici ne a ce jihar da aka sani da noman auduga da injinan gurzarta, wadda har masaƙa ta taɓa samu a Gusau kafin ta durƙushe, yau yawancin yadin da ke rataye a shagunanta daga waje yake zuwa ta Kantin Kwari na Kano, kuma da yawansa gauraye ne da roba ko da mai shago ya ce auduga ce zalla.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. A zare 'yan zaruruwa daga bakin yadin a kusanta su da ashana, nesa da yaro. Auduga takan ci da wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murmushewa a yatsa. Roba kuwa takan tsuke ta narke, ta bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri. Wannan narkewar ita ce babban dalilin da ya sa ba a son yadin roba a jikin yaron da ke kai-kawo kusa da murhu, ko kusa da kaskon gawayi a lokacin hunturu, domin idan ya kama wuta manne wa fata yake yi. Ita ma auduga tana ci, don haka ko da ita aka yi, kada rigar ta zama mai baza da jan ƙasa.

Shadda mai sitati da leshi mai ƙaiƙayi a bar su ga kayan fita, kuma leshi sai da shafin auduga a ciki. Na zaman gida kuwa, da tsohuwar zuma ake magani: zanin da uwa ta ɗaura har ya sha wanki ya yi laushi ya fi kowane sabon yadi dacewa da fatar yaro, in dai an kauce wa wurin da ya sile.

Dole ne a wanke sabon yadi kafin a yanka?

Dole ne. Auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma inci guda da babba ba zai ji ba ya isa ya mayar da wandon yaro ɗangalalle. Wankin yana kuma fitar da sitati da ragowar rini, yana nuna ko yadin yana zuba. A shanya, a goge, sannan a ɗora almakashi.

Yaya ake samun awo tunda yaron ba ya tsayawa wuri ɗaya?

Ba a kokawa da shi. A ɗauko rigar da take yi masa daidai a yanzu, a ninka ta biyu a tsaye, a shimfiɗa a kan tsohuwar jarida ko kwali, a bi gefenta da biro, sannan a ƙara rabin inci a kewaye domin ɗinki. Wando ma haka, sai dai a miƙar da robar ƙugunsa sosai kafin a zana, in ba haka ba sabon zai fito da matsattsen ƙugu. Wannan takardar ita za a riƙa ɗorawa a kan yadi ana bi da alli, kuma yana da kyau a rubuta watan da aka zana ta a jikinta, domin bayan wata shida ta tsufa. Idan ana son awon jiki da tef, lokacin barci ya fi: kai, ƙirji, ciki, da tsawo daga kafaɗa zuwa gwiwa.

Abu biyu ake mantawa. Na farko shi ne cikin ɗan yaye a ture yake gaba, ba shi da ƙugu irin na manya, don haka duk rigar da aka tsuke a tsakiya za ta tattare ta hau sama. A sake ta daga hammata zuwa ƙasa, a bar inci 3 ko 4 fiye da awon ƙirji. Na biyu shi ne ƙunzugu ko famfas: in yaron yana sawa, sai an ƙara wa mazaunin wando zurfi ta baya, a auna shi yana sanye da shi, domin wandon da ya yi daidai a tsaye shi ne yake zamewa idan ya tsuguna. A yanka tsawon riga yana bin tsawon yadi, kada a karkata shi don ceton ƙyalle, saboda rigar da aka yanka a karkace takan murɗe bayan wanki.

Yadi nawa ake bukata?

Kaɗan ne. Turmin atamfa yadi 6 ne, falle uku ke nan, kuma falle guda yana fitar da riga da wando na ɗan shekara 2 har a sami ragowa. Doguwar rigar yarinya mara hannu takan fita a yadi 1. Sau da yawa ragowar da ta saura bayan uwa ta yanka nata ta wadatar.

Yara suna saurin girma. Ta yaya kayan za su daɗe?

Lissafin a bayyane yake. Yaro yakan kai kimanin santimita 75 a shekara 1, ya kai 87 a shekara 2, ya kai 95 ko 96 a shekara 3. Ke nan a shekararsa ta biyu yana ƙara kusan inci 5, a ta uku kuma inci 3, kuma yawancin ƙarin a tsawo yake, faɗin jiki ba ya sauyawa sosai. Wannan ne ya sa al'adar ɗinka wa yaro burmemiyar riga wai ya girma a ciki ba ta da amfani: faɗin ya yi yawa a banza, hannu ya rufe yatsu, ƙafar wando ta shiga ƙarƙashin dunduniyar wanda bai gama iya tafiya ba, ya yi ta faɗuwa, kuma kafin ya cike ta ta koɗe.

Abin da ya fi shi ne a ɓoye tsawon a cikin kalmasa. A bar inci 2 zuwa 3 a ƙasan riga da ƙafar wando, a kalmashe, a ɗinke da ɗinki mai tazara wanda za a iya warwarewa da reza ba tare da an huda yadin ba. Idan aka sake kalmasa takan bar farin layi inda aka daɗe ana gogewa, sai a rufe shi da siririn ƙyalle mai wani launi, ya zama kamar ado. Ga 'yan mata, rigar da aka yanka mai buɗewa ƙasa tana yin aiki sau biyu, domin doguwar rigar bana ita ce 'yar rigar baɗi a kan wando.

Roba ko mazagi?

Roba. Yaron da ake koya wa zama a fo yana bukatar wandon da zai iya ja ƙasa da kansa cikin gaggawa, mazagi kuwa ko dai ya ƙulle ko ya zare. A sami roba mai faɗin kusan inci 1, domin siririya tana naɗewa ta yanki ciki, a yanka ta inci 1 ƙasa da awon cikin yaro, a zura a ƙubaka, a bar 'yar kafa ta ciki domin a iya canza ta idan ta saki. In an tuɓe wando aka ga jan shati a cikin yaro, ta yi matsi.

Igiya a wuyan riga ko a hular da ke haɗe da rigar sanyi kuwa, kada a yi ta sam. Takan maƙale a ƙusa ko marfin ƙofa ta shaƙe yaro, kuma saboda mace-macen da aka samu ta haka ne hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 1996, ta mayar da shi doka a 2011, Tarayyar Turai ma ƙa'idarta ta hana irin wannan igiya a kayan yaran da ba su kai shekara 7 ba.

To duwatsu da sauran kwalliyar da ake manna wa kayan Sallah fa?

A ganina ba su da wuri a rigar wanda bai kai shekara 3 ba, komai kyansu a hoto. Duk abin da ɗan yaye ya iya ɓantarowa bakinsa zai kai, ko hanci, ko kunne, kuma duwatsun da ake mannawa da dutsen guga suna fara saki tun wanki na biyu. Ma'aunin da ake gwada kayan wasan yara da shi a ƙasashen waje bututu ne mai faɗin inci ɗaya da kwata, duk abin da ya shige cikinsa ana ɗaukarsa mai iya shaƙe yaro, kuma kusan duk maɓalli da dutsen kwalliya suna shigewa. Maɓallan da ba makawa sai an sa su a ɗinke su da zare ninki biyu, a naɗe gindinsu, a riƙa jan su da yatsa bayan kowane wanki. Mai son ado tana da aikin zare a wuya, da aljihu mai wani launi, da haɗa atamfa biyu.

Kekena na ƙafa ne, miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Zai wadatar?

Zai wadatar. Irin su Butterfly da tsofaffin Singer sun fi ƙarfin wannan aiki. A sa allura mai lamba 14 ga atamfa, mai lamba 11 ga boyel da sauran yadi mara kauri. Matsalar ita ce bakin yadi na ciki, wanda yake zarewa kuma yake gurzar fata, musamman a hammata da tsakanin cinyoyi. Ba sai an kai wa tela ya bi da injinsa ba. A fara haɗa ƙyallayen biyu fuskarsu tana waje, a ɗinka kwatan inci daga baki, a rage bakin da almakashi, a juya, a goge, a sake ɗinkawa ta ciki, sai ɗanyen bakin ya shige tsakiya ya ɓace. Aikin ya ninka, amma irin wannan ɗinki yana jure wankin hannu na kullum. Mazaunin wando a bi shi sau biyu, domin nan yake fara ɓarkewa. Abin da wannan keke ba ya iyawa shi ne yadi mai miƙewa irin na singileti, zaren yakan tsinke idan aka ja, don haka singileti da rigunan sanyi gara a saye su, ko a gwanjo ne, a wanke a shanya a rana.

Shi kansa keken a kula da shi, saboda ɗan tatata yana son taka fedar da sa hannu a ƙafar da ke juyawa. In an tashi a sauke igiyar daga kan ƙafar, a rufe kan keken, a tattara allurai da reza a gwangwani mai murfi, a share wurin kafin a sauke yaron ƙasa.

Yaushe ya kamata a fara na Sallah?

A cikin Sha'aban. Wadda ke ɗinki a gida ta tsira daga alkawarin teloli, waɗanda kaya kan yi musu yawa a goman ƙarshe har na yara su zama na ƙarshen yankawa, amma ita ma azumi da aikin buɗa-baki ba za su bar mata lokaci ba. A je kasuwa da wuri, ko a Gusau ko ranar Talata a Talata Mafara, kafin yadi ya yi tsada, a wanke, a yanka, a haɗa komai, a bar kalmasa da robar ƙugu kaɗai. Su biyun a yi su ana saura kwana biyu ko uku, bayan an sake gwada wa yaron, domin a wata ɗaya da rabi yana iya ƙara rabin inci.