Waiwaye: Tarihin Na'urar Kilika da Batun Manyan Ajujuwa a Zariya

Ranar 4 ga Oktoba 1962, da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibanta duka-duka 426 ne. Yau a Samaru, babban mazaunin jami'ar, kwas guda na 'yan shekarar farko, irin su GENS (darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka) ko lissafi, yana iya tara fiye da wannan adadi a ɗaki ɗaya. Malami na tsaye da makirufo, ya yi bayani na rabin awa, ya ɗago kai ya ce, "An gane?" Ɗaki ya ɗauka, "An gane!" Shi ya san ba kowa ya gane ba, su ma sun sani. To amma wace ɗaliba ce za ta ɗaga hannu a gaban mutum ɗari biyar ta ce ita an bar ta a baya? Sai ranar da aka zauna makin takardun jarrabawa gaskiya ke fitowa, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Wannan damuwa ce ta haifi 'yar na'urar nan da ake kira kilika. Girmanta kamar rimot ɗin talabijin, da maɓallai A, B, C, D, wani lokaci har E. Malami ya haska tambaya a allo, kowane ɗalibi ya danna amsarsa, cikin daƙiƙu kwamfuta ta nuna yawan waɗanda suka zaɓi kowace amsa, ba tare da an ga sunan kowa ba. Wanda ya yi kuskure ba ya jin kunya, malami kuma ya ga inda aji ya tsaya.

Mutane da yawa sun ɗauka sabon abu ne, alhali tun a shekarun 1960 jami'o'in Amurka suka fara gwada shi. Stanford ta kafa irin wannan tsari a 1966, a Cornell kuma wani malamin fiziks, Raphael Littauer, ya haɗa nasa a farkon shekarun 1970. A wancan zamani maɓallan a jikin kujeru suke, an ja musu waya har zuwa teburin malami. Suna da tsada, suna yawan lalacewa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, binciken da aka yi a kansu bai nuna wani bambanci a sakamakon jarrabawa ba. Dalilin a fili yake: malami yakan dubi alƙaluman, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da laccarsa kamar yadda ya saba. An samu hanyar ƙirga amsa, ba a canza komai a yadda ake koyarwa ba. Haka zancen ya lafa har tsakiyar shekarun 1980, lokacin da Louis Abrahamson da abokan aikinsa suka fara haɗa wani sabon tsari mai suna Classtalk, wanda daga baya aka yi amfani da shi da kalkuletoci masu haɗe da waya.

Inda labarin ya juya shi ne ajin Eric Mazur a Jami'ar Harvard. Mazur malamin fiziks ne da ɗalibai ke yabawa, suna kuma cin jarrabawarsa. Wajen 1990 ya ba su wani gwaji da David Hestenes da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Arizona suka tsara, wanda babu lissafi a cikinsa, fahimta kawai yake aunawa. Ga irin tambayar: babbar mota da ƙaramar mota sun yi taho-mu-gama, wacce ta fi buga wa 'yar'uwarta ƙarfi? Dokar Newton ta uku ta ce ƙarfin daidai yake, ɓarnar ce ta bambanta. Ɗaliban da suka haddace wannan doka, suna warware lissafi da ita, da yawansu suka ce babbar motar. Mazur ya yi ta bayani a allo, fuskoki ba su washe ba. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ce su juya su tattauna a tsakaninsu. Ɗaki ya kaure da surutu, kafin wani lokaci sun kai ga amsar.

Daga 1991 ya mayar da abin tsari, ya kuma fitar da littafi a kansa a 1997. Gajeren bayani, sai tambaya guda. Kowa ya yi tunani shi kaɗai ya ba da amsa. Idan masu daidai sun faɗa tsakanin kashi 30 zuwa 70 cikin 100, malami ba zai faɗi amsar ba, sai ya ce kowa ya nemi na kusa da shi mai amsa daban ya gamsar da shi. Bayan minti biyu ko uku a sake zaɓe. Idan kusan kowa ya gane tun farko, a wuce. Idan kusan kowa ya faɗi, malami ya koma baya ya sake lale. Hikimar ita ce, ɗalibin da ya gane abu yanzun nan yana tune da inda ya yi tuntuɓe, farfesan da ya gane shi shekara talatin da suka wuce kuwa ya manta akwai dutse a wurin.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar karatu a zaurukan birnin Zazzau ba zai ga wannan baƙon abu ba. Almajiri yana biya nassi a gaban malam, malam na jin daidai inda harshensa ya sarƙe, ya gyara masa nan take. Idan an tashi, 'yan'uwa su keɓe su yi muraja'a, wanda ya fi kama karatun ya jawo na baya. Babban ɗakin lacca ne ya raba mu da waɗannan abubuwa biyu, jin ɗalibi da kuma bitar juna, su kuwa masu kilika hanyar dawo da su suke nema a cikin taron ɗaruruwa.

Hujjoji sun biyo baya. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai sama da 6,000 a kwasa-kwasan fiziks 62. Inda ake lacca zalla, ɗalibai sun cike kusan kashi 23 cikin 100 na giɓin fahimtar da suka shigo da shi. Inda ake sa su tunani da muhawara, kusan kashi 48. Akwai masu cewa ai kwafar amsar haziƙin aji kawai ake yi a lokacin tattaunawa. Michelle Smith da abokan aikinta a Jami'ar Colorado sun gwada wannan zargi a 2009, a wani kwas na ilimin gadon halitta: bayan tattaunawa sai a ba ɗalibai wata sabuwar tambaya mai kama da ta farko, kowa ya amsa shi kaɗai. Sakamakon ya ƙaru, har a rukunonin da babu wanda ya san amsar da farko. A ganina wannan shi ne bincike mafi nauyi a duk tarihin, domin ya nuna cewa gardamar kanta tana koyarwa.

Ta fuskar na'ura kuwa abin ya yi ta sauƙi. A ƙarshen shekarun 1990 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong ta fito da marar waya, mai aiki da irin hasken rimot. Sannan aka koma masu aiki da zangon rediyo, irin su iClicker da malaman fiziks na Jami'ar Illinois suka ƙirƙira. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fiziks a 2001, ya sa nauyin sunansa a kan batun, jami'o'in Amurka suka rungume shi. Tare da yaɗuwar sai tsohuwar cutar ta dawo. Wasu malamai suka mayar da kilika rajistar halartar aji, ɗalibai kuma suka fara zuwa da na abokansu a jaka suna danna musu. Mu da muka san yadda takardar sa hannu ke zagayawa a aji saboda ƙa'idar halarta ta kashi 75 cikin 100, ya kamata mu kula da wannan sosai. Ranar da ɗalibi ya fahimci na'urar ta zama ɗan sanda, ya daina gaya mata gaskiyar abin da ke kansa.

Yanzu wayar hannu ta gaje aikin, ta manhajoji irin su Poll Everywhere, Mentimeter na ƙasar Suwidin, da Kahoot da ya fito daga Norwe a 2013. A nan ne lissafin Zariya ya bambanta. Ba kowane ɗalibi ke da babbar waya ba, wanda ke da ita ba kullum yake da data ko caji ba, kuma wayoyi ɗari biyar a ɗaki ɗaya suna iya shaƙe sabis. Wani tsari mai suna Plickers ya rage wahalar: ana buga wa kowane ɗalibi kati, ya juya shi gefen amsarsa, malami ya ɗauka da kyamarar wayarsa guda. Sai dai katunan 63 ne kacal, don haka ajin 'yan shekarar ƙarshe zai yi wa amfani, ba na GENS ba. Ga babban aji, takarda ɗaya da aka ninke huɗu, kowane gefe da harafinsa da launinsa, ta wadatar. Ɗalibi ya riƙe ta a ƙirji yadda na bayansa ba zai gani ba, malami ya share ɗakin da ido. Shi kansa Mazur ya nuna tsarin nasa na tafiya da ɗaga hannu ko kati.

Abin da babu kamfanin da zai sayar mana shi ne tambayar. "A wace shekara aka yi kaza?" ba ta haifar da muhawara. Ana buƙatar wadda amsoshinta na kuskure suna da jan hankali, irin kuskuren da ɗalibanmu ke yi da gaske. Kuma tana cin lokaci: tambaya guda da tattaunawarta na iya ɗaukar minti goma, uku ko huɗu a laccar awa biyu na nufin dole wani sashe na manhaja ɗalibai su karanto shi kafin su zo. Malamin da ke son farawa a wannan zango, ya nemi takardun amsa na bara a ofishin jami'in jarrabawa na sashensa, ya ware tambayar da aka fi faɗuwa, ya fitar da kurakurai uku da suka fi maimaituwa. Su ne za su zama B, C da D.