Mene ne wasan "point-and-click"? Bayani da misalin Monkey Island

Masu wasannin kwamfuta suna kiran wani rukuni na wasanni "point-and-click", wato nuna-ka-danna. Sunan ya fito daga yadda ake sarrafa wasan: da linzamin kwamfuta kake kai kibiya kan wani abu a allo, ka danna, ɗan wasanka ya je wurin, ko ya ɗauki abin, ko ya yi magana da mutumin da ka nuna. Ba a bukatar saurin hannu irin na wasan harbi ko na ƙwallo. Abin da ke gaba labari ne, kuma ba ya motsawa sai ka warware matsalar da aka ɗora maka.

Wasan da ya fi fito da wannan tsari fili shi ne The Secret of Monkey Island, wanda kamfanin Lucasfilm Games na Amurka ya fitar a 1990. Ron Gilbert ne ya jagoranci aikin, tare da Tim Schafer da Dave Grossman. Kai ne Guybrush Threepwood, wani saurayi da ya sauka tsibirin Mêlée yana son zama ɗan fashin teku, ga kuma fatalwar ɗan fashi LeChuck a gabansa.

Allon ya kasu uku. Sama wurin da ake wasa ne. Ƙasa ta hagu akwai kalmomin aiki, guda 12 a bugun farko, irin su buɗe, rufe, tura, ja, ɗauka, duba, ba da, yi amfani da. Ƙasa ta dama kuma jerin kayan da ka tara. Kana haɗa jimla ne da dannawa: ka danna kalmar aiki, ka danna kaya, sannan ka danna abin da za a yi wa aikin. Manhajar da ke tafiyar da wannan duka sunanta SCUMM, an fara gina ta ne domin wasan Maniac Mansion na 1987.

Ga matsala ɗaya, don a ga irin tunanin da ake nema. Akwai fursuna mai suna Otis da kake son fitarwa, ba ka da mabuɗi. A mashayar garin akwai giyar 'yan fashi, grog, mai ƙarfin da take cinye kofin da aka zuba ta. To, sai ka kwashi kofuna da yawa, ka cika ɗaya daga ganga a kicin, ka kama hanyar kurkuku. Da ka ga kofin ya fara narkewa, ka juye giyar cikin na gaba, haka har ka isa ka zuba ta kan kwaɗon ƙofar. Wasan bai faɗa maka haka kai tsaye ba, amma ya riga ya nuna maka kofi yana narkewa.

Inda mutane suka fi maƙalewa biyu ne. Na farko, abin da ake nema ƙarami ne ƙwarai a hoton, ido ya wuce shi. Maganinsa ka bi allon da kibiya a hankali, duk abin da za a iya taɓawa sunansa zai bayyana. Na biyu, yanke hira da wuri. Sau da yawa amsar tana bakin wani da ba ka gama yi wa tambayoyi ba. Abin da ba zai same ka ba shi ne shiga halin da wasan ya lalace gaba ɗaya saboda ka bar wani kaya a baya, kamar yadda yake faruwa a tsofaffin wasannin King's Quest na kamfanin Sierra. Gilbert ya tsani wannan. Mutuwa ma da wuya: sai ka bar Guybrush a ƙarƙashin ruwa har minti 10.

Bugu-bugun da suka biyo baya su ne ke rikitar da sabon shiga. Na farko launi 16 gare shi, aka sake fitar da shi da launi 256, sai na faifan CD a 1992, inda kalmomin aiki suka ragu zuwa 9, kaya kuma suka koma hotuna. A 2009 aka fitar da Special Edition mai sabon zane da muryoyi. Labari da matsalolin ba su canza ba, domin tsohon wasan ne ke gudana a ƙarƙashi. A kwamfuta, danna F10 kawai zai mayar da kai tsohon zane nan take. Aibinsa shi ne an ɓoye kalmomin aiki da kaya, sai an buɗo su, don haka juye giyar nan kafin kofi ya huje ya fi wuya a sabon zane. Idan ka zo wurin, koma tsohon.

Kada a haɗa wannan da ci gaban labarin, wanda wasanni ne daban: Monkey Island 2 na 1991, The Curse of Monkey Island na 1997, da Return to Monkey Island na 2022, wanda Gilbert ya dawo ya yi. Escape from Monkey Island na 2000 ma ya bar linzami ya koma madannai.

Mai tsohon bugu a hannu zai iya buga shi a kwamfutar yau ko wayar Android da manhajar ScummVM, wadda kyauta ce. Ba ta zuwa da wasan. Sai ka kwafe fayilolinsa cikin folda ɗaya, ka buɗe ScummVM, ka danna Add Game, ka nuna mata foldar. Idan ta kasa gane wasan, yawanci wani fayil ne bai kwafu ba. Idan bugun CD ne kuma ka ji shiru babu kiɗa, dalilin shi ne kiɗan yana kan faifan a matsayin waƙoƙi daban, ba cikin fayilolin wasan ba. Sai an ciro su zuwa MP3 ko FLAC an ajiye su a foldar tare da sauran.