Waiwaye: Yadda Majalisun Jihohin Amurka Suka Koma Aron Masana Kimiyya

Dala 100 kacal ake biyan ɗan majalisar dokokin jihar New Hampshire a shekara. Majalisar Texas kuwa sau ɗaya take zamanta na ƙa'ida cikin shekara biyu, shi ma ba ya wuce kwana 140. Galibin 'yan majalisun jihohin Amurka lauyoyi ne da 'yan kasuwa da manoma da malaman makaranta, da yawa ma suna riƙe da sana'arsu a gefe. Amma a teburinsu ake yanke hukunci kan ruwan sha, da rigakafin 'yan makaranta, da haƙar mai, da wutar lantarki. Idan ƙudiri mai sarƙaƙiya ya iso, wanda ya fi saurin zuwa da bayani shi ne ɗan kamun ƙafar kamfanin da dokar za ta shafa, kuma ba wanda zai zo kasuwa ya kushe hajarsa.

Wannan giɓin ne ya haifar da abin da za a iya kira aron masana: a ɗauko mai digirin dakta a kimiyya ko injiniyanci, a zaunar da shi a majalisa tsawon shekara guda yana aiki kamar sauran hadimai, wata ƙungiya daga waje tana biyan albashinsa.

Ba a jihohi aka faro ba. A 1972 majalisar tarayya ta kafa ofishinta na tantance fasaha, OTA, domin ta daina dogaro da abin da fadar shugaban ƙasa ta ga damar faɗa mata. Shekara guda bayan haka, a 1973, ƙungiyar masana kimiyya ta AAAS da wasu takwarorinta suka tura mutum bakwai ofisoshin majalisar, su ne rukunin farko na 'yan aron. Cikin waɗanda suka bi wannan hanya daga baya akwai Rush Holt, masanin fiziks, wanda ya dawo majalisar a matsayin zaɓaɓɓen wakili daga New Jersey a 1999, ya yi shekara 16, sannan ya shugabanci AAAS ɗin kanta. Shi kuwa OTA bai yi tsawon rai ba. Bayan ya fitar da rahotanni kusan 750, 'yan jam'iyyar Republican da suka karɓe majalisa ƙarƙashin shugaban majalisar wakilai Newt Gingrich suka toshe masa kuɗi a 1995 da sunan tsuke bakin aljihu. Ofishin da majalisa ke biya da kanta ya mutu, shirin da 'yan waje ke biya ya rayu. A lura da wannan, don zai sake maimaituwa.

A Kalifoniya labarin ya fi armashi. Majalisarta ba ta 'yan wucin gadi ba ce, wakilai 80 da sanatoci 40 ne masu aiki na cikakken lokaci, kuma a da ana buga misali da ƙwarewar ma'aikatanta. A 1988 ta nemi a kafa majalisar ba da shawara kan kimiyya da fasaha, CCST, wadda ke jingine da manyan jami'o'in jihar. Sai ga 1990, talakawa da suka gaji da 'yan siyasa masu kaka-gida suka amince da ƙudiri mai lamba 140 a ƙuri'ar jin ra'ayi. Aka ƙayyade wa'adi, shekara shida a majalisar wakilai, takwas a ta dattawa, aka kuma zabtare fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gudanar da majalisar. An yi nufin korar tsofaffin 'yan siyasa, sai tsintsiyar ta haɗa da tsofaffin ma'aikatan kwamitoci, mutanen da suka yi shekaru suna sanin ciki da wajen dokar ruwa ko ta makamashi. Sabon ɗan majalisa kafin ya gane kan aiki wa'adinsa ya ƙare, ɗan kamun ƙafa kuwa ba shi da wa'adi.

Sai a 2009 CCST ta buɗe shirinta, da kuɗin gidauniyar Gordon da Betty Moore. Gordon ɗin nan yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel. Da farko mutum goma ake ɗauka a shekara, a fara koya musu yadda ƙudiri ke tafiya daga kwamiti zuwa zauren majalisa, sannan a rarraba su ofisoshi. Wani abin dariya: tunda ba majalisa ke biyansu ba, aikinsu na iya zama kyauta ga ɗan siyasa a idon dokar hana cin hanci, don haka sai da aka gyara doka aka fayyace cewa masanin aro ba toshiyar baki ba ne.

Aikin ba na lacca ba ne. Wanda ya yi shekara shida yana rubuta kundi, nan takarda shafi ɗaya ko biyu ake so daga gare shi, kuma kafin gobe. Ba a kuma jiran ya ce a yi kaza. Nasa shi ne ya nuna abin da bincike ya tabbatar da inda masana ke saɓani, ya bar mai kujera ya zaɓa. A ganina abin da shirin ya fi amfanarwa ba takardun ba ne, mutanen ne, domin da dama cikinsu ba su koma ɗakin gwaji ba, sun zama ma'aikatan dindindin a majalisa da hukumomin jihar. Ta ƙofar baya kenan aka maido da wani ɓangare na ƙwarewar da aka kora ta ƙofar gaba.

A 2017 CCST da gidauniyoyin Moore da Simons suka ba ƙungiyoyi a jihohi tara tallafin tsara irin nasu. Kowa ya ɗinka daidai jikinsa. New Jersey ta ɗora nata a kan cibiyar Eagleton ta jami'ar Rutgers, Idaho ta haɗa jami'o'inta uku, Virginia kuwa, wadda ba ta cikin taran, daga baya ta yi na 'yan makonni ga ɗaliban da ba su gama karatu ba.

Sai dai an ce zanen aro ba ya rufe katara. Mutum goma ko biyu ba su maye gurbin ofis mai ma'aikata da kasafi, kuma ranar da gidauniya ta juya hankalinta wani wuri, shirin da jiha ba ta sa kuɗinta a ciki ba zai shiga garari. Akwai kuma zargin son kai, musamman kan batutuwa irin su sauyin yanayi da rigakafi, inda wasu 'yan majalisa ke kallon duk wanda ya fito daga jami'a a matsayin ɗan ɗaya ɓangaren. Missouri, inda 'yan Republican ke da rinjaye kuma wa'adi shekara takwas ne a kowace majalisa, ta bi wata hanya. Masanan shirinta na MOST ba a ofishin mutum ɗaya suke zaune ba. Duk ɗan majalisar da ke da tambaya, ko daga wace jam'iyya yake, zai aika musu, su mayar masa da gajeren bayani a rubuce ba tare da sun ce ya goyi bayan ƙudirin ko ya ƙi shi ba.