Waiwaye: Yadda cinikin giyar inabi na duniya ya iso kantunan Birnin Kebbi

A cikin bukukuwan da suka biyo bayan Babbar Salla, na tsaya a wani kanti a Birnin Kebbi, na tarar da wata dattijuwa tana cinikin katan biyu na abin shan nan da ake jerawa a teburin ango da amarya, mai kwalba mai dogon wuya da aka naɗe da takarda ruwan gwal, wanda ke ambaliyar kumfa da zarar an ɓalle murfinsa. Ta ɗaga ɗaya ta ce wa mai kantin, "Alhaji, ka dai tabbata babu komai a cikinsa?" Ya ce, "Hajiya, ai duk garin nan shi ake sha, ba giya ba ce." Da na juya kwalabe biyu da ke kan kanta sai na ga ba iri ɗaya ba ne. Ɗaya ruwan inabi ne zalla da aka ɗura wa iska, ɗayar kuwa rubutun bayanta ya nuna giyar inabi ce da aka cire wa sinadarin maye, kuma abin da ya rage a ciki bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Wannan kwalba ta biyu ba haka kawai ta zo mana ba, halin da kasuwar giyar inabi ta shiga a Turai ne ya turo ta.

Italiya da Faransa da Sifaniya ne ke samar da kusan rabin giyar inabin duniya, kuma ƙaddarar gonakinsu ta daɗe tana shafar ƙasashen Afirka. A shekarun 1860 wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai cin saiwar inabi ya shigo kudancin Faransa daga Amurka ta Arewa, ya bi gonaki yana kashe su har ya durƙusar da sana'ar, kafin daga baya manoma su gano dabarar ɗaura reshen inabin Turai a kan saiwar na Amurka mai jure ƙwaron. A tsakanin nan Faransa ta juya ga Aljeriya, wadda ta mamaye tun 1830, ta cika filayenta masu albarka da inabi. Zuwa tsakiyar shekarun 1930 gonakin inabin Aljeriya sun kai hekta 400,000 ko kusa da haka, kuma a wajajen 1960 babu ƙasar da ta kai ta fitar da giyar inabi zuwa waje, alhali mafi yawan mutanenta Musulmi ne da ba sa shan abin da suke noma wa Turawa. Bayan samun 'yanci a 1962 Faransa ta rage saye, Tarayyar Sobiyet ta karɓa na 'yan shekaru, daga ƙarshe gwamnatin Houari Boumediene ta shiga tumɓuke gonakin a farkon shekarun 1970. Ina ganin wannan shi ne babi mafi nauyi a tarihin, domin ya nuna yadda buƙatar kasuwa mai nisa ke iya mayar da ƙasar noman alkama gonar abin da mai gonar ba ya ci.

A kudancin nahiyar kuwa, Turawan Holan ne suka fara matse inabi a yankin Kef a 1659, kuma har yau Afirka ta Kudu na cikin ƙasashe goma da suka fi samar da giyar. An daɗe ana biyan leburorin gonakin wani ɓangare na ladansu da giya, al'adar da ta bar wa zuriyarsu ciwon shaye-shaye. Da aka janye takunkumi bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a farkon shekarun 1990, ƙasar ta shiga sahun Ostareliya da Cile da Ajantina da Amurka wajen ƙwace wa Turai wani yanki na kasuwa.

Tarihinmu ya bi wata hanya dabam. Ƙasar Gwandu da sauran masarautun da jihadin 1804 ya kafa sun haramta barasa bisa shari'a, ko da yake burkutu na dawa bai taɓa gushewa ba a garuruwan da ba na Musulmi ba, kamar wasu sassan ƙasar Zuru. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta ba ƙasashen mulkin mallaka damar hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan da ba su saba da ita ba, kuma Turawan Ingila sun sanya Arewacin Najeriya cikin irin waɗannan yankuna, a daidai lokacin da baitulmalin Kudu ke dogaro ƙwarai da harajin barasar da ake saukewa a bakin teku. Bayan haɗewar 1914 an ci gaba da hanin, sai dai an bar ƙofar lasisi ga Turawa da baƙin unguwannin Sabon Gari, jirgin ƙasa da ya isa Ƙauran Namoda a 1929 kuma ya sauƙaƙa jigilar kowane irin kaya. Zamfara ce ta sake ɗaure al'amarin, lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, sannan Kebbi da wasu jihohi goma suka bi sahu. Daga nan ne muhawarar harajin kayan masarufi, wato VAT, ta samo wani tushe, wadda ta yi zafi a 2021 da Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ba Jihar Ribas gaskiya a kan ikon karɓar harajin, wasu suka riƙa tambayar dalilin da zai sa jihohin da suka hana barasa su sami rabo daga harajinta.

Yayin da muke wannan muhawara, kasuwar giyar inabi ta duniya tana ta raguwa. Alƙaluman Ƙungiyar Inabi da Giyarsa ta Duniya, wadda aka fi sani da OIV, sun nuna an samar da kimanin lita biliyan 23.7 a 2023, sannan adadin ya sauka zuwa kusan biliyan 22.6 a 2024, mafi ƙaranci tun 1961, saboda fari da ƙanƙara da ruwan sama fiye da kima da cututtukan ganye. Amma ƙarancin amfanin gona bai zama matsalar manoma ta farko ba, domin abin da ake sha ma ya ragu zuwa kusan lita biliyan 21.4 a 2024, daga wajen biliyan 25 a 2007. Bafaranshen da ke shan sama da lita 100 a shekara a shekarun 1960, jikansa yanzu bai wuce lita 40 ko kusa da haka ba. Matasa sun koma wasu abubuwan sha, likitoci sun ƙara kaifin gargaɗi, tsadar rayuwa kuma ta taɓa aljihu har a Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa sha. A 2023 Faransa ta ware Yuro miliyan 200 don mayar da rarar giyar sinadarin masana'antu, ta kuma shiga biyan manoman yankin Bodo da wasu yankuna kuɗi domin su tumɓuke inabin da kakanninsu suka dasa.

Kusan rabin giyar inabin da ake sha a duniya sai ta tsallaka iyaka, a cinikin da ya kai wajen Yuro biliyan 36 a shekara, shi ya sa siyasa ke girgiza ta cikin sauƙi. Ostareliya ta ɗanɗana wannan lokacin da Sin, babbar mai saye daga gare ta, ta ɗora wa giyarta harajin da a kan wasu kamfanoni ya haura kashi 200 cikin 100 daga ƙarshen 2020, ba ta janye ba sai a Maris na 2024, bayan tankuna sun cika da abin da babu mai saye.

Mai kayan da suka yi kwantai dole ya nemi sabon mai saye, ko ya sauya wa kayan kama, kuma masu giyar inabi sun yi duka biyun. Sun zuba ido a kan biranen Afirka masu yawan matasa, Legas da Abuja a sahun gaba, sun kuma rungumi cire sinadarin maye daga giyar da ta riga ta tsimu. A 2021 Tarayyar Turai ta amince a kira irin wannan abin sha da sunan giyar inabi marar maye muddin abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba, Italiya kuma, bayan doguwar turjiya, ta ba masana'antunta izinin yin sa a ƙarshen 2024. Kasuwar da ake hange da wannan sabon kaya ta haɗa da ƙasashen Musulmi, kuma Kebbi, da ke iyaka da Nijar ta Kamba da kuma Binin ta ƙasar Bagudo, tana kan hanyar kayan da ke fitowa daga tashar ruwan Kwatano, baya ga na Legas. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya nuna wa kowa yawan abin da ke bin waɗannan hanyoyi.

Dokokinmu na 2000 an rubuta su ne da kwalbar barasa da tukunyar burkutu a zuci, ba su hango kwalbar da ta fara a matsayin giya ta ƙare a teburin walima ba. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalba shaida ce ta rajista da inganci, ba fatawa ba ce, bayanin da ke baya kuma da Turanci ko Faransanci ko Sifaniyanci yake zuwa, cikin ƙananan haruffa. Ra'ayina shi ne malamanmu su zauna da masana sinadarai su fayyace wa jama'a hukuncin kowane iri, dillalai kuma su ware ruwan inabin da bai taɓa tsimuwa ba daga wanda aka tace, da alama a Hausa. Dattijuwar da na gani ta biya kuɗin katan biyunta ne bisa maganar mai kanti, shi kuma bisa maganar dillalin da ya sauke masa kaya.